Matatar Hayaƙin Tsohuwar Mota: Yadda Za A Yi Maganinta Da Kuɗi Kaɗan

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu leƙa ƙarƙashin mota. Kada wani ya ce ina ruwan malamin gona da aikin makanikai. Motar da ta kawo taki gona ita ce za ta kwashe amfani ta kai kasuwa, in kuwa ta kwanta da kaka, to, tumatir da tattasai ba su jiran kowa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan darasi shi ne, bara da kaka wani manomi a gundumar da na ke aiki ya ɗora masara buhu goma sha biyar a tsohuwar a-kori-kurarsa 'yar Kwatano. Da suka zo hawan tudu sai mota ta ƙi ja, yana taka totur tana nishi kawai. Makanikin da ya samu a bakin hanya ya ce masa, "Alhaji, ai indomi ce ta toshe." Nan da nan aka yanke tulun da ke jikin salansa, aka farfasa abin da ke ciki, aka zazzage, aka mayar da walda. Alhaji ya biya kuɗin aiki ya tafi, makaniki kuwa ya tattara garin da aka zazzage ya ƙulle a leda. Mota ta sami ƙarfi kaɗan, amma ba ta daina karkarwa da shan mai ba. Sai bayan wata biyu aka gane fulogi biyu da koyil guda ne suka mutu tun da fari, su ne kuma suka toshe tulun. Watau ya biya kuɗin gyara sau biyu, ya sha asarar mai, ya kuma ba da dukiya kyauta bai sani ba.

MENE NE WANNAN TULU?

In ka bi bututun hayaƙi daga inji zuwa baya, kafin ka kai ga salansa za ka ga wani tulun ƙarfe mai kumburi. Makanikai suna kiransa katalis, waɗansu kuwa su ce indomi, domin cikinsa ya yi kama da dunƙulen taliyar nan. Mu a nan za mu kira shi matatar hayaƙi. Cikinsa tangaran ne mai ƙananan ramuka dubbai, kamar saƙar zuma, an shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada ƙwarai: filatinam da faladiyam da rodiyam. Yawancin filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu a ke haƙo su, faladiyam kuwa Rasha da Afirka ta Kudu ne kan gaba. Duk abin da ke cikin tulu guda bai wuce 'yan giram kaɗan ba.

Hayaƙin fetur yana ɗauke da guba iri uku. Akwai kabon monoksaid, iskar nan marar wari da kan kashe mutanen gida in an kwana da janareta a ɗaki. Akwai ragowar fetur da bai ƙone ba. Akwai kuma naitirojin oksaid mai cin huhu. Sa'ad da hayaƙi ya ratsa ramukan nan, ƙarafan su kan juya gubar ta koma tururin ruwa da kabon dayoksaid da naitirojin. Aikinsu kamar na dillali ne: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, amma shi ba a sayar da shi. Don haka ƙarafan ba su ƙarewa da aiki. Sai dai ba su fara aiki sai tulun ya yi zafi wajen digiri 250 zuwa 300, in kuwa mota tana tafiya ya kan kai digiri 400 zuwa 800.

A Amurka aka fara sa wa motoci wannan tulu gaba ɗaya a 1975, ƙasashen Turai kuwa suka tilasta shi ga sababbin motocin fetur wajen 1993. Sabo da haka kusan ko wace motar fetur da a ke shigo mana da ita daga can da shi ta ke zuwa. Tsofaffin motoci masu kabireta, irin su Fijo 404 da 504, yawanci ba su da shi, motar gas kuma nata tsarin dabam ne. Darasin yau na motar fetur ne.

BA TA MUTUWA DON KANTA

Ga jigon darasin, ku riƙe shi. Matatar hayaƙi ba ta da abin da ke juyi ko gogayya a cikinta, an kuma yi ta ne ta daɗe tare da mota. In ta lalace, galibi wani abu ne ya kashe ta. Wanda ya sayi sabuwa bai nemi abin da ya kashe tsohuwar ba, ya kashe maciji bai sare kai ba, sabuwar ma za ta bi sawu. Ga masu kashe ta.

Na ɗaya, fulogi ko koyil da ya mutu. In silinda guda ba ta kama wuta, ɗanyen fetur ya kan gangara cikin tulu ya ƙone a can. Zafi ya wuce digiri 1,000, tangaran ya narke ya toshe hanya. Wannan shi ne abin da ya sami motar Alhaji.

Na biyu, mai ya yi wa iska yawa. Injin fetur yana son awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai, bisa nauyi. Akwai wata 'yar na'ura da a ke ɗaurawa jikin bututu kafin tulu, mai sansanar hayaƙi, makanikai suna ce mata oksijin sanso. Ita ke gaya wa kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage. In ta gaji, ko nozul yana ɗiga, sai mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya tashi. Haka kuma al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasarmu, wai don ƙasar zafi ce, ta kan sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta zuba mai.

Na uku, inji mai shan baƙin mai. In ringi sun ci, za ka ga hayaƙi shuɗi. Tokar baƙin mai ta kan lulluɓe ƙarafan, hayaƙi ya daina taɓa su.

Na huɗu, ruwan lagireto da ke shiga cikin inji in gaskit na sama ya ƙone. Alamarsa farin hayaƙi mai kauri, ruwa kuma yana raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba.

Na biyar, hanyoyinmu na karkara. Dutse ko kututture ya kan bugi tulu tangaran ya fashe. Da damina kuma in an faɗa rafi da tulu mai zafi, sanyin ruwa farat ɗaya ya kan tsaga shi.

Na shida, gurɓataccen mai na bakin hanya, wanda aka gauraya da kananzir ko wani abu, da kuma yawan tura mota don ta tashi. Ko wane turi da bai kama ba ɗanyen fetur ne a ke aikawa cikin tulu. A da fetur mai dalma shi ne babban makashinta, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar shi tun farkon 2006, Aljeriya kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta bar shi a 2021.

ALAMUN CIWO

Mota ta kan tashi lafiya, ta yi tafiya a hankali lafiya, amma da an ɗora kaya ko an zo tudu sai ta ƙi ja. Shan mai ya ƙaru. Wani lokaci a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani lokaci a ji ƙara daga ƙasa kamar tsakuwa cikin gwangwani. Ƙasan mota ya yi zafi fiye da kima, har da dare a ga tulun ya yi ja. Fitilar nan mai hoton inji ta kama a gaban direba. In fitilar a tsaye ta ke, kana da lokacin bincike. In kuwa tana ƙiftawa, inji yana zubar da ɗanyen fetur ke nan, sai ka rage gudu, ka nemi wurin tsayawa, domin tafiyar sa'a guda a haka tana iya narkar da tulu.

Amma fa a lura. Rashin ƙarfi ba shaida ba ne a kan matata ita kaɗai. Matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, da matatar mai da ta toshe, da famfon mai da ya gaji, duk haka su ke sa mota ta yi. Don haka a ke bincike daki daki, a fara daga abin da ba ya cin kuɗi.

BINCIKE, DAGA MAI ARAHA ZUWA MAI TSADA

1. Buɗe matatar iska ka duba ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, sake ta. Kwance fulogi ka jera su. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa gare shi, mai baƙin gawayi yana nuna mai ya yi yawa, mai jiƙe da maiƙo kuwa yana nuna baƙin mai na hawowa.

2. Da sassafe, mota na sanyi, a fili ba cikin gareji ba, ta da inji ka saurara. In akwai huda a bututu za ka ji fit-fit, za ka kuma ga baƙin tabo a wurin. Huda kusa da tulu ta kan jawo iska ta ruɗe na'ura, a ɗora wa matata laifin da ba nata ba. Walda kaɗan ta isa.

3. Inji a kashe, tulu da sanyi, doke shi a hankali da tafin hannu. In ka ji ɓaraguzai suna motsi a ciki, tangaran ya fashe. Amma ka duba faifan kwanon da ke kare zafi a jikinsa, shi ma in ƙusarsa ta kwance haka ya ke ƙara, maganinsa kuwa ɗauri ne kawai.

4. Kai mota wurin mai kwamfutar bincike. Motocin da aka yi don Amurka tun 1996, da na fetur da aka yi don Turai tun 2001, duk suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Ka ce a nuna maka lambobin da suka fito, ka rubuta da hannunka. Lamba P0420 ko P0430 ita ce ta matata. Ma'anarta dai na'ura ta biyu, wadda ke bayan tulu, ta ga hayaƙin da ya fita bai bambanta da wanda ya shiga ba sosai. Ba ta ce a yanke tulu ba. In tare da ita akwai P0300 zuwa P0306, wata silinda ba ta kama wuta. In akwai P0172, mai ya yi yawa. Waɗannan a ke fara gyarawa, sa'an nan a goge lambobi, a yi tafiyar kwana biyu uku a ga abin da zai komo.

5. Don a tabbatar ko ta toshe, makaniki ya kwance na'urar gaba, ya bar raminta a buɗe, a ɗan taka mota na 'yan mintoci kaɗan. In ƙarfi ya komo, lalle akwai toshiya a baya. Kada a daɗe, domin hayaƙi mai zafi ne ke fita ta ramin. Mai ma'aunin matsi kuwa sai ya jona shi a ramin nan. In inji na juyi 2,500 a minti matsi ya wuce psi 3, hanya ta toshe.

6. A ƙarshe a kwance tulun daga ƙusoshinsa, ba da yanka ba in da hali, a haska tocila ta baki ɗaya a leƙa ta ɗayan. Mai lafiya haske ya kan ratsa ramukanta sarai.

MAGANI

In bincike ya nuna tangaran bai fashe ba, bai narke ba, mota kuma tana ja, to, ba ka da gaggawar sayen kome. Gyara abin da ke kashe ta, sha mai a gidan mai da ka amince da shi, sa'an nan ka hau babbar hanya ka yi tafiyar kamar rabin sa'a ba tsayawa. Zafin doguwar tafiya ya kan ƙone gawayin da ya taru sabo da gajerun zirga-zirga na cikin gari. Ruwan kwalba da a ke sayarwa don zubawa a tanki yana iya taimako a kan gawayi kaɗai. Ba ya mayar da abin da ya narke, ba ya kuma wanke tokar baƙin mai. In ka gwada kwalba guda ba ka ga canji ba, kada ka sayi ta biyu. Matatar da ta gaji amma ba ta toshe ba tana iya kai ka bayan kaka, ka sayar da amfani ka sake ta a tsanake.

In kuwa ta narke ko ta farfashe, sai sakewa, kada kuma a yi jinkiri, domin hayaƙin da ya rasa mafita zafi ya ke mayar wa inji. Hanya uku ce. Akwai sabuwa ta kamfanin da ya ƙera motar, ita ce mafi kyau, amma ga tsohuwar mota kuɗinta ya kan yi nauyi ainun. Akwai ta hannu, wadda aka ciro daga motocin waje, a kan same ta a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Kafin ka biya, haska ta da tocila ta baki biyu, girgiza ta, ɗaga ta ka ji nauyi, ka duba ko akwai sabon ɗinkin walda a cikinta, domin akwai masu zazzage tulu su mayar da shi su sayar. Ta uku ita ce sabuwa ta gama-gari, wadda mai walda ke yankawa ya haɗa da ko wace mota. Tana da araha domin ƙarafan cikinta kaɗan ne, ba ta kuma daɗewa kamar ta asali, amma ga motar da ta tsufa tana biyan bukata. A zaɓi wadda ta dace da girman inji da faɗin bututu, a bi kibiyar da ke jikinta, a sa ta daidai inda tsohuwar ta ke, don in an kai ta baya can ba za ta sami zafin aiki ba.

TSOHUWAR DUKIYARKA CE

Ko ta narke, ko ta farfashe, ƙarafan nan uku suna nan cikinta. A watan Maris na 2021 oza guda na rodiyam ya haura dala 25,000, ya ninka zinariya fiye da sau goma. Farashi ya sauko ƙwarai daga baya, amma har yanzu masu saye suna bi gareji gareji. Sabo da haka in za a cire taka, ka tsaya a wurin, ka karɓi abinka. Kada ka bari a farfasa ta, domin da lambar da ke jikin tulu a ke sanin darajarta, gari a leda kuwa sai abin da mai saye ya ga dama. Ka ji tayin mutum biyu ko uku, abin da ka samu ka zuba cikin kuɗin sabuwa.

Yawancin makanikanmu masu amana ne, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kafin ka bar mota ta kwana a gareji, ɗauki hoton tulun da wayarka. In ta komo da sabuwar walda ko ƙararta ta canja, ka tambaya tun a wurin. Mai sayen mota shi ma ya sunkuya ya leƙa. Akwai wani ɗan guntun ƙarfe da a ke ɗaurawa tsakanin bututu da na'urar baya don a yaudari kwamfuta fitila ta mutu. Ba ya gyara kome, ɓoye ciwo kawai ya ke yi.

IN AN ZAZZAGE AN BAR TULU FANKO FA?

Na san wannan ce hanyar da da yawa su ke bi, sabo da a ranar ta fi araha. Gaskiya ne mota za ta ja. Amma fitilar inji za ta zauna a kunne kullum, ran da wani ciwo na gaske ya zo ba za ka sani ba. Waɗansu motoci kuma shan mansu ya kan ƙaru, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa kowa ya san nauyin lita guda. Darajar mota ta faɗi ran sayarwa. Mafi muni, gubar nan uku za ta fita yadda ta ke. Wa ke shaƙa? Leburorin da ka ɗauko a bayan a-kori-kura, da yaran da ke talla a tasha, da kai kanka in akwai huda a ƙasan mota. A Amurka laifi ne a cire ta, a Ingila kuma motar da aka cire wa ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara. In tilas ta sa aka zazzage taka a daji don ka iso gida da kaya, to, ka ɗauke shi ɗinkin wucin gadi, ka taho da ɓaraguzanka, ka sa wata da zarar ka sami hali.

GARGAƊI UKU GA MANOMA

Kada ka tsayar da mota a kan busasshiyar ciyawa, ko kara, ko kusa da masussuka. Zafin tulu ya isa ya ta da gobara, tulun da ke ciwo kuwa ya fi zafi. In ka ratsa gona da kaka, bari mota ta huce ka cire ciyawar da ta maƙale a ƙasanta. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙarfe ko katako mai ƙarfi. Kada kuma direba ko yaron mota ya kwana ciki da inji a kunne, gilashi a rufe, don jin sanyin hunturu.

Kafin jigilar kaka ta kama, ko wane mai mota ya ware yini guda ya duba fulogi da matatar iska da baƙin mai da ruwan lagireto, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ke da tambaya ya rubuto ta hannun Edita, ya faɗi irin motarsa da shekararta da lambobin da kwamfuta ta nuna. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ajiyar wake da maganin ƙwari a rumbu. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.

Naku,
Malamin Gona